Keken hawan dutse a Kano: ka haɗa da kanka ko ka sayi haɗaɗɗe?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a Kano. Ma'aikacin da ke kwana a Rijiyar Zaki yana aiki a Bompai, ɗalibin da ke tasowa daga Kurna zuwa sabon mazaunin BUK, da mai shagon da likita ya ce lallai ya rage tumbi, duk sun fara leƙa wurin 'yan kekuna. Yawancinsu kuma ba Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu suke tambaya ba. Keke mai giya suke so, mai faɗin taya da shokozoba a gaba, irin wanda aka ƙera don hawan dutse. A nan shawara ke rabuwa biyu. Wani zai ce maka je ka ɗauki haɗaɗɗe, ka biya, ka hau ka tafi. Wani kuma, galibi wanda ya kwana kallon bidiyon masu haɗa keke a YouTube, zai ce ka sayi firam (wato gangar jikin keken) daban, giya daban, wili daban, ka haɗa abinka yadda ranka ke so, wai ma ya fi araha.

Bai fi araha ba. In da sababbin kaya za ka haɗa, kusan kullum sai ka kashe fiye da wanda ya sayi haɗaɗɗe mai kaya iri ɗaya da naka. Sai dai akwai wani haɗin da ke biyan kuɗin sabulu, kuma akwai haɗaɗɗen da sayensa asara ce ko nawa aka sallama maka. Shi ya sa zaɓin ba biyu ba ne, biyar ne.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Na farko kuɗi, amma ba wanda ka miƙa ranar ciniki kaɗai ba. Lissafin ya haɗa da dako, kuɗin kwastam in daga waje ne, kayan aiki, ladan mai gyara, da abin da keken zai ci a shekarar farko. Inda na kawo adadi, da dala na kawo shi, don farashin naira ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Ka tambayi canjin ranar a Wapa ka ninka.

Na biyu ƙarko, kuma ƙarko a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana shiga boris tana cin sarƙa, taɓon damina yana toshe giya, tsidau da kusoshin bakin titi suna jiran taya.

Na uku sauƙi: wa zai gyara, kuma a ina za a samo abin da ya lalace? A ganina wannan ya fi sauran nauyi a Kano. Keken da ya jingina a zaure wata biyu yana jiran wani ɗan ƙarfe daga Caina ba shi da maraba da wanda babu.

Na huɗu kasada: jabu, kayan da suka ƙi shiga juna, tsagewar da ba ta ganuwa, da ɓarawo.

Kafin duk wannan, ka tambayi kanka ina za ka hau. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Dala da Goron Dutse ba wurin tseren keke ba ne, ainihin duwatsu sai ka nausa kudu wajen Rano, Tudun Wada da Doguwa. Abin da keken yawancinmu zai gamu da shi shi ne ramukan kwalta, burji, yashin lungu da kwatami. Wannan aikin keke mai shokozoba a gaba kaɗai ya ishe shi. Mai shokozoba gaba da baya ƙarin nauyi ne, ƙarin kuɗi, ƙarin abin lalacewa, don haka, in ban da na kwali, duk lissafin da ke tafe a kan mai na gaba kaɗai aka yi shi.

Sabon na kwali, mai araha

Shi ne mai sheƙi da ke rataye a ƙofar shago, fenti ja da baƙi, da katon sifirin a tsakiya, an rubuta masa giya 21. Shi ya fi kowa sauƙin kuɗi a cikin sababbi, kuma yau ka biya yau ka hau.

Ɗaga shi tukuna. Irin waɗannan sukan kai kilo 17 zuwa 20, alhali mai kyau na alminiyam yana tsakanin 13 da 15. Shokozobarsa sifirin ne kawai a cikin bututu, babu abin da ke tare dawowarsa, sai ya riƙa wullo ka sama. Za ka ga an rubuta Shimano, sunan fitaccen kamfanin kayan keke, a jikin abin canza giya na baya, don nan ido ke fara sauka, sauran kayan kuwa ba suna. Haƙoran baya irin na murɗawa ne, wato firiwil, wanda ke barin shaf ɗin wili da tsawo babu madogara, shi ya sa yake lanƙwashewa in mai jiki ya faɗa rami da shi.

Sai kuma yadda aka haɗa shi. A kwali yake zuwa, yaron shago ne ke ɗaura wilin gaba, kai da feda cikin sauri. Ba abin mamaki ba ne ka ga fok, wato abin da ke riƙe wilin gaba, a juye gaba ta koma baya, ko boris a bushe babu giris. In ka saye shi, kafin ka hau ka kai wa mai gyara ya kwance ya sa giris, ya ɗaure sifok, ya saita birki. Abin yabonsa ɗaya ne: firam ɗin ƙarfe ne, mai walda na bakin titi zai iya ɗinke shi, kuma kayansa ko'ina akwai. Amma in ka tashi sayarwa bayan shekara, abin da za a taya maka sai ya ba ka haushi.

Sabon na babban kamfani

Giant da Merida na Taiwan, Trek da Specialized na Amurka, da ire-irensu. A shagunan Turai da Amurka, na matakin farko yakan kama daga dala 500 zuwa 700, mai giyar Shimano ta matakin Deore da shokozobar iska kuma daga wajen 800 zuwa 1,200. Kai da ke Kano sai ka ɗora dakon babban kwali da kwastam.

Wajen ƙarko babu abin cewa. Injiniyoyi ne suka zaɓi kayan da suka dace da juna, kuma komai sabo ne. Trek da Giant ma suna ba da garantin firam na tsawon rai ga wanda ya fara saye, sai dai garantin ta hannun dilansu ake karɓarsa, wanda ya yi oda daga nesa kuwa takarda kawai ya riƙe. Kasadar da ta fi girma a nan ita ce jabu. Sitika ba ta da tsada, kuma ana manna babban suna a firam ɗin da bai taɓa ganin masana'antar ba. Tsakanin wannan da na kwali akwai kamfanonin Caina masu sunan kansu, irin su Trinx na Guangzhou, da ke yin firam na alminiyam da kuɗin da bai kai na manyan ba. In za ka bi nan, jerin kayan da ke jikin keken za ka karanta ɗaya bayan ɗaya, kada launi ya ɗauke maka hankali.

Ɗan Kwatano haɗaɗɗe

Nan ne kasuwar take. Kekunan da aka hau a Turai, Amurka ko Japan, aka loda su a kwantena, wasu da ƙyar aka yi shekara ana hawansu, wasu kuma sun sha duniya. A tsibi ɗaya za ka tarar da keken da sabonsa ya haura dala dubu jingine da wanda ba a bakin komai yake ba, kuma sau da yawa fenti da girman taya ne ke yanke musu farashi, ba kayan da ke jiki ba. Wanda ya iya dubawa shi ke cin riba.

Abu na farko da za ka haddace shi ne jerin darajar kayan Shimano na keken dutse, daga ƙasa zuwa sama: Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, XTR. Tsohon keke mai Alivio ko Deore ya fi sabon mai Tourney nesa ba kusa ba. A shokozoba kuma SR Suntour XCT da XCM na matakin farko ne, XCR ya ɗara su, RockShox da Fox suna sama.

Sannan ka duba da hannunka, kada kunya ta hana ka. Goge ƙurar da ke wuyan firam, inda bututun sama da na ƙasa suka haɗu da na gaba, ka bi layin walda da farce. Siririn layi baƙi kamar gashi a nan tsagewa ce, kuma alminiyam ba ya karɓar waldar bakin titi, yana buƙatar na'ura ta musamman da gasawa da zafi bayan an gama. Ka ajiye shi ko da kyauta ne. Juya keken ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa: nan ake buga lambar firam, nan ma ake samun tsagewa. Kwance sirdi ka ja sandarsa sama, in ta ƙi motsi ta manne ne, kuma fitar da ita yaƙi ne. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas to boris ɗin wuya ko fok ya saki. Shafa sandunan shokozoba masu sheƙi, in akwai karce ko tsatsa za su ci robar da ke tare mai. Juya kowane wili kana kallon gefensa ko yana rawa. Kama sarƙa a gaban babban farantin da feda ke juyawa ka ja, in ta ɗago har ka hango haƙori to ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta riga ta cinye haƙoran baya.

Mai kaya zai ce maka, "Alhaji, wannan Beljiyam ne, ko sifana ba a taɓa sa masa ba." Ka ce masa, "Na yarda, maigida, amma bari in ɗan zaga da shi." A zagayen nan ka bi giyoyin duka, ka taka da ƙarfi a tsaye. In sarƙa tana tsalle, ka san me za ka rage a ciniki.

Girma ma abin dubawa ne, kuma shi ne ba ya gyaruwa. Tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai tazara tsakaninka da bututun sama. Mai matsakaicin tsawo, wajen santimita 165 zuwa 178, galibi M ne nasa, wato firam mai inci 17 ko 18. Kada araha ta sa ka ɗauki wanda ya fi ka, bayanka da wuyanka ne za su biya.

Shawarata ita ce kada ka kashe duk kuɗinka a kan keken. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma cikin uku, don sarƙa, wayoyin giya da birki, robar birki, tayoyi da ladan mai gyara. Ɗan Kwatano mai lafiyayyen firam da aka yi wa wannan hidimar zai yi shekaru yana aiki. Kasadarsa ita ce babu garanti, an sallama an gama. In kuma a hannun wani mutum za ka saya ba a shago ba, ka nemi shaida da rasit mai lambar firam, don keken sata ma yana yawo.

Haɗi da sababbin kaya

Ga kimanin abin da kayan matsakaicin keke ke kamawa a shagunan intanet na waje, kafin dako:

| Kaya | Kimanin farashi da dala |
|---|---|
| Firam na alminiyam | 200 zuwa 400 |
| Fok mai shokozoba | 150 zuwa 300 |
| Wili biyu | 150 zuwa 300 |
| Giya gaba ɗaya, matakin Deore | 200 zuwa 300 |
| Birkin mai, gaba da baya, da faifansa | 60 zuwa 120 |
| Tayoyi da tib | 60 zuwa 110 |
| Kai, wuya, sirdi da sandarsa, feda, boris, wayoyi | 100 zuwa 170 |
| Kayan aiki | 80 zuwa 150 |
| Jimla | 1,000 zuwa 1,850 |

Ka gwada wannan da haɗaɗɗen da ke da irin waɗannan kaya a dala 800 zuwa 1,200. Dalilin ratar ba boyayye ba ne. Kamfanin keke yana sayen giya da fok dubbai a lokaci ɗaya kai tsaye daga masana'anta, ba kwali ba talla, a farashin sari da kai ba za ka taɓa samu ba. Kai kuwa ɗai-ɗai kake saye, kowane abu da ribar mai shago a kansa. Sau da yawa kuɗin fok da giya kaɗai, in ka saye su daban, ya kusa rabin kuɗin keken da ke ɗauke da su.

Sai dako. Masu kawo kaya daga Guangzhou suna caji da kilo in ta jirgin sama ne, da girman kwali in ta ruwa ne. Firam da wili ba su da nauyi amma suna cin wuri, don haka da girmansu ake yi musu kuɗi. Kuma ba rana ɗaya kayan ke isowa ba. Firam ya zo, fok yana hanya, wani ɗan zobe na dala biyar da ka manta ya tsayar da aikin mako uku.

Amma abin da ya fi cin kuɗin masu haɗi shi ne awo. Kayan keken zamani ba kamar na Raleigh ba ne da kowanne ke shiga kowanne. Wuyan firam akwai miƙaƙƙe mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, akwai mai faɗi a ƙasa da ya kai inci ɗaya da rabi, kuma fok mai faɗin ƙasa ba ya shiga miƙaƙƙen wuya. Faɗin wurin wilin baya a tsofaffin firam milimita 135 ne, a sababbi masu tsarin Boost 148, na gaba kuma 100 ko 110. Gidan feda akwai mai zare, 68 ko 73, akwai wanda ake dannawa da na'ura. Sandar sirdi 27.2 ce ko 30.9 ko 31.6, kuma bambancin da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya sa ta ƙi shiga ko ta riƙa zamewa. Haƙoran baya na Shimano masu giya 12 suna son hob (cibiyar wili) mai mazaunin haƙori irin Micro Spline, manyan na kamfanin SRAM suna son XD, na da kuma HG. Sarƙar giya 6, 7 da 8 ɗaya ce, amma daga 9 zuwa 12 kowace da kaurinta. Kowane kuskure a nan kuɗi ne, don mayar da kaya Caina ya fi sayen wani tsada.

Ko taya ma tana da nata tarkon. Lambar da ke gefenta ita ce gaskiya: 559 ita ce inci 26, 584 ita ce 27.5, 622 ita ce 29. Tayar Raleigh da Phoenix da ake kira 28 lambarta 635, ba ta hawa wilin 29 duk da sunan ya yi kusa. A Kano 26 ta fi sauƙin samu, taya da tib duka. Wanda ya haɗa 29 ya sayi tib biyu ko uku ya ajiye. Bawul ma ka zaɓi mai kauri irin na mota, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska. Siririn nan na Presta sai da ɗan adafta a aljihu, kuma ranar da ka manta shi ranar za ka yi faci a Panshekara.

Wajen haɗawa kuma, mai gyaran keken unguwa gwani ne a abin da ya saba da shi. Ka zauna gindin darbejiya ka ga yadda yake ɗaure sifok da ido kawai har wili ya miƙe, ko yadda yake jera boris a giris da ɗan yatsa. Amma kayan aikinsa sifana ne, filaya da guduma. Ƙafar feda ta zamani da abin zarewa ake cire ta, shi kuwa zai sa kurfi ya buga. Fedar hagu zarenta a juye yake, yaron da bai sani ba zai murɗa ta da ƙarfi har ya cinye zaren alminiyam. Birkin Shimano man ma'adinai na musamman yake sha, in aka zuba masa man birkin mota robobin ciki za su kumbura, birkin ya tashi aiki. Yawancin tsofaffin na SRAM kuwa man DOT, irin na birkin mota, suke sha, ba a musanya su. Baƙin mai da ake ɗiga wa sarƙa yana tara ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe, in kuma ya taɓa faifan birki sai an canza robar. Saboda haka mai haɗi ko dai ya sayi kayan aiki ya koya da kansa, ko ya nemi ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka ƙware a keke mai giya, ya kuma tsaya a kansu.

To me ake samu? Keken da ya dace da jikinka da aikinka tun ranar farko, babu abin da za ka cire ka yar. Kana iya sa kuɗi inda ya dace, wili mai ƙarfi da taya mai kauri, ka tsuke hannu a inda ba ya da tasiri. Kuma wanda ya haɗa kekensa ya san kowane ƙusa a jikinsa, gyara ba ya ba shi tsoro. Ƙarkonsa ya kai na babban kamfani in an haɗa daidai. Waɗannan duka riba ce ta gaske, amma ba ribar kuɗi ba ce. Ranar sayarwa ma mai saye ba ya biyan wahalarka, sunan da ke jikin firam yake tayawa.

Abu ɗaya da zan hana kowa: firam ko kan keke na kabon (wani abu maras nauyi da ba ƙarfe ba) maras suna daga intanet. Kabon yana iya tsagewa ta ciki ba alama, kuma ba mai duba maka shi a nan.

Haɗi a kan tsohon firam

Wannan shi ne haɗin da ke da ma'ana a Kano. Ka sami ɗan Kwatano mai kyan firam da wili amma giyarsa ta mutu, a sallama maka da rahusa saboda aibinsa a fili yake. Ko ka sayi biyu, ɗaya mai lafiyar firam, ɗaya mai tsagaggen firam amma da Deore a jikinsa, ka mayar da su ɗaya, ragowar ka sayar wa mai gyara. Tsofaffin kekuna masu taya 26 sun fi daɗin wannan aiki, don awonsu kusan ɗaya ne: miƙaƙƙen wuya, gidan feda mai zare, baya 135, giya 8 ko 9.

Sababbin da za ka saya su ne masu cinyewa: sarƙa, haƙoran baya, wayoyi, robar birki, taya. In shokozobar ta mutu, kada ka sayi mai arahar da ba ta aiki, fok na ƙarfe maras shokozoba da taya mai faɗin inci 2.1 zuwa sama ya fi ta daɗi a titin gari, kuma ba ya neman gyara. Birkin waya, na gefen wili ne ko na faifai, ya wadatar a gari maras gangara.

Tarkonsa shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe abin canza giya na baya. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam in keke ya faɗi, kuma kusan kowane firam da irin nasa. Kafin ka biya kuɗin tsohon firam, ka tabbata yana nan kuma a miƙe yake. Ɗaya tarkon kuma son zuciya ne: yau sirdi, gobe sabon kai, jibi birkin mai, kafin ka farga ka zuba wa tsohon keke kuɗin sabo. Rubuta iyakar abin da za ka kashe tun kafin ka fara.

A dunƙule

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi a Kano | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Sabon na kwali | Kaɗan | Rauni | Sosai | Saurin lalacewa, mugun haɗi |
| Sabon babban kamfani | Da yawa | Sosai | Matsakaici | Jabu, garanti maras amfani |
| Ɗan Kwatano haɗaɗɗe | Matsakaici | Da kyau in an duba | Da kyau | Ɓoyayyen aibi, kayan sata |
| Haɗi da sababbin kaya | Mafi yawa | Sosai in an iya | Da wahala | Kuskuren awo, jinkirin kaya |
| Haɗi a kan tsohon firam | Kaɗan zuwa matsakaici | Da kyau | Matsakaici | Wuce kasafi |

Ko wanne ka ɗauka, akwai kuɗin da teburin bai nuna ba: makulli mai kauri, fitila, famfo, da hular kwano in za ka shiga tsakanin 'yan adaidaita sahu a Titin Zariya ko Katsina Road. Wili mai ɗan hannun cirewa da sauri yana da daɗi wajen faci, amma yana da daɗi ga ɓarawo ma. In za ka riƙa ajiye keke a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa, ka zura sarƙar makulli ta cikin firam da wilin duka.

Wa ya dace da wanne

Mai zuwa aiki ko makaranta kullum, wanda keke zai maye masa kuɗin mota: ɗan Kwatano haɗaɗɗe, taya 26, giya 7 zuwa 9, bawul irin na mota, da kuɗin hidima a gefe. In da wurin ɗaura kariya a firam ɗin, ya fi.

Wanda zai saya wa yaro mai tasowa da zai fi ƙarfin keken nan da shekara biyu, ko mai zagaya unguwa da yamma sau ɗaya a mako: na kwali zai yi, amma ya zaɓi wanda ba shi da sifirin a tsakiya, ya kuma kai a sake ɗaure shi.

Mai hali da ba ya son zaman gindin bishiya wurin mai gyara, kuma yana fita motsa jiki da nisa a ƙarshen mako, wajen Tiga ko Bagauda: sabon babban kamfani, daga hannun wanda zai nuna masa lambar firam da takardun shigowa. Ya haɗa odar da ƙarin sarƙa, robar birki, tib, da ɗan ƙarfen giyar baya guda biyu, su zo a kwali ɗaya.

Mai ƙaramin ƙarfi amma mai hannu, wanda ba ya ƙyamar giris kuma yana da haƙurin zagaya kasuwa: haɗi a kan tsohon firam. Haka ma wanda yake da tsohon keke mai kyau a gida ya daɗe a jingine.

Haɗi da sababbin kaya kuwa na mutum uku ne: dogo sosai ko gajere sosai da ya rasa girmansa a kasuwa, wanda ya riga yana da rabin kayan a hannu, da wanda haɗin kansa ne abin sha'awarsa kuma ya san zai biya ƙari a kai. In kana cikinsu, firam za ka fara saya, ka jira ya iso hannunka, ka auna wuyansa da gidan fedarsa da faɗin bayansa da ramin sirdinsa, sannan ka yi odar sauran.